Tsakanin Ƙirali da Caca

A Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde, mai shagon atamfa ba ya sakin turmi bashi sai ya jawo littafinsa daga ƙarƙashin kanta ya rubuta suna da rana da yawan jaka. Tazara kaɗan ga rumfar PMUC, inda ake cike takarda a kan dawakin da ke tsere a Faransa. Babu mai ruɗewa a kan hukuncinsu. Wanda ya shige wa mutane duhu shi ne na ukun da wayar hannu ta shigo da shi: hannun jari a kamfanonin binciken magani na Amurka, waɗanda masu hasashe ke ta musu a kansu, wannan ya ce zai ninka, wancan ya ce zai zube. A kasuwar hannun jari ta BVMAC da ke Duwala babu irinsu. Can akwai irin su manjan Socapalm da ruwan Tangui na SEMC, kayan da ido ke gani. A ganina rashin sanin gobe ba shi ke mayar da saye caca ba. Rashin sanin abin da ka saya yau shi ne matsalar, kuma saninsa a littafin lissafin kamfani yake.

Masu haramtawa suna da hujja mai nauyi. Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, ya hana sayar da abin da ke cikin cikin raƙuma, da 'ya'yan itace kafin su nuna. Lokacin da Moderna, ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni, ta fara sayar da hannun jari a Disambar 2018, kan dalar Amurka 23, ba ta da ko allura ɗaya a kasuwa, kuma kusan tara cikin goma na magungunan da ake fara gwadawa a jikin mutane ba sa samun izini. Wannan ba sayen ɗan tayi ba ne? Sai dai mai hannun jari ba maganin ya saya ba. Kaso ya saya a cikin abin da ke nan: kuɗin asusu, ɗakunan gwaji, haƙƙin mallakar bincike, har da basussuka. Ya fi kama da ƙirali, wanda Imam Malik ya yi wa babi a Muwaɗɗa: attajiri ya ba falke jari ya sauko da shanu daga Ngaundere, ba wanda ya san ko za a dawo da riba, amma an san jarin, an san rabon, in an faɗi kuma mai kuɗi ya ɗauka. Ɗan caca kuwa ba ya cin komai sai abin da wani ya rasa.

Shi ya sa nake ganin duba lissafi nauyi ne na addini a kan mai saye. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hukumar AAOIFI ta Bahrain, mai tsara ƙa'idojin Shari'a na harkar kuɗi, ita ma da alƙaluma take aunawa: bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5. Wanda bai buɗe littafi ba, ta ina zai san wannan? Lissafin ma bai fi ƙarfin mai shago ba. A ce kamfani yana da miliyan 300 a asusu, yana cinye 150 a shekara, ba ya sayar da komai: shekara biyu ta rage masa, daga nan ko ya ci bashi ko ya buga sababbin hannayen jari, naka kason ya tsuke.

Za a ce littafin Moderna na 2019 asara zalla ya nuna, amma a Agustan 2021 farashin ya haura dala 480, mai bin littafi ya yi ta cizon yatsa. Gaskiya ne. To, wanda ya bi hasashe ya saya a 480 fa? A 2023 farashin ya sauko ƙasa da 100, kamfanin ya yi asarar dala biliyan 4.7. Kuma ko da bai sauko ba, cin da ɗan caca ya yi ba ya wanke cacarsa. In aka ce littafi ma yana ƙarya, sai a ce algus laifin mai algus ne, wanda ya duba ya sauke nasa.

Akwai iyakar da ba na shakka a kanta: yarjejeniyar zaɓi, inda ake biyan kuɗi don samun damar saye ko sayarwa nan gaba a farashin da aka yanke, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana ta a zamanta na Jidda a 1992, zaman da ya halatta hannun jarin kamfanin da aikinsa halal ne. Inda ya rage da wuya shi ne kamfanin da yawancin dukiyarsa tsabar kuɗi ce, domin sayen kasonsa yana kusa da musayar kuɗi da kuɗi, kuma malamai sun saɓa a kai. Duk wanda zai kai wannan tambaya wurin malami bayan sallar Juma'a a babban masallacin unguwar, ya tafi da takardar kadara da bashin kamfanin a hannu, su zauna su karanta tare.