Hukuncin Gyaran Kusurwar Ido Bayan Tiyatar Kwalliya

Tambaya ta zo daga Roni game da matar da aka yi wa tiyatar kwalliya a fatar ido, aikin ya ɓaci, kusurwar idon ta wajen hanci ta tattare da tabo, hawaye yana zuba ba tsayawa: shin ya halatta a sake yi mata aiki, alhali ita ta jawo wa kanta?

Amsa, bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa: aikin farko haramun ne idan idon lafiyayye ne, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta ambaci sauya siffar idanu cikin abin da ta hana. Kawar da aibi kuwa halal ne, dalili shi ne izinin da Annabi (SAW) ya ba Arfaja ɗan As'ad na sanya hancin zinariya bayan an yanke nasa a yaƙi.

Inda shubuhar take shi ne cewa saɓo ne sanadin wannan aibi, kuma Malikiyya ba su yarda wanda ya yi tafiyar saɓo ya yi ƙasaru ba. Sai dai wannan ƙiyasi bai tsaya ba, domin mai tafiyar saɓo yana cikin saɓonsa, da zarar ya tuba rangwamen ya dawo masa, ita kuwa wannan aikinta ya wuce, cutarsa ce ta rage. Cutar kuma ta gaske ce, saboda a wannan kusurwa ne 'yan ƙofofin da hawaye ke bi zuwa hanci suke, idan tabo ya janye su ko ya toshe su ido ba ya rabuwa da zubar ruwa da ciwo.

Sharaɗin da ba sassauci a cikinsa shi ne a nufi mayar da ido kusa da halittarsa ta asali; in aka fake da gyara don cimma siffar da aka nema tun farko, haramcin ya dawo. A jira tabon ya nuna, abin da likitoci kan kimanta da kamar wata 6, sai in cutar ta tsananta, kuma a nemi ƙwararre a irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ta tuba, ta yi gyaran, babu laifi a kanta. Allah ne Mafi sani.