Gidan Caca a Kan Dutse: Ina Iyakar Halal Take?

Tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota daga Kuala Lumpur zuwa saman dutsen Genting, a jihar Pahang ta ƙasar Maleziya. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,800, hazo kan lulluɓe shi, ga sanyin da mutanen birni ke gudun zafi su je nema. Wani ɗan kasuwa mai suna Lim Goh Tong ne ya fara sare dajin a 1965, gwamnati ta ba shi lasisin caca a 1969, otal na farko ya buɗe a 1971. Yau wurin ya zama gari guda: otal ɗin First World kaɗai yana da ɗakuna sama da 7,000, ga wuraren wasan yara, kantuna, da keken igiya mai ɗauko mutane zuwa saman dutse.

A ƙofar zauren caca kuwa akwai masu duba katin shaida. Musulmin Maleziya ba ya shiga. Yana iya kawo iyalinsa, su ci abinci, yara su hau lilo, su kwana, amma teburin caca an yi masa katanga da shi. Tambayar da ake ta kai-komo a kanta ita ce: shin katangar nan ta wadatar?

Masu cewa ta wadatar suna da hujja. Hukunci yana kan aikin mutum, kuma wanda bai zuba kuɗi a kan tebur ba, bai yi caca ba. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta jera caca da giya, ta kuma faɗi dalili: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Mai shan iska a bakin otal bai faɗa cikin ko ɗaya ba.

Sai dai wanda ya san yadda ake tsara irin waɗannan wurare zai yi jinkiri kafin ya gyaɗa kai. Ɗauki teburin rulet irin na Turai: gurbi 37 ne, amma wanda lambarsa ta fito ana biyansa ninki 35 kawai. Wannan ɗan giɓin yana ba gidan kimanin kashi 2.7 cikin ɗari na duk abin da aka zuba, dare da rana. Ɗan kasuwa ma yana kasada, gaskiya ne, amma idan ciniki ya faɗa, mai saye da mai sayarwa duk suna iya komawa gida da amfani. A caca ribar wani hasarar wani ce, kuma lissafin ya riga ya nuna wa zai ci a ƙarshe. Fitilun, mawaƙan da ake gayyatowa, da ɗakunan da akan ba manyan 'yan caca kyauta, duk ado ne da aka yi wa hanyar zuwa wancan tebur.

Gwamnatoci ma sun san haka. Singafo, inda gidan caca na Marina Bay Sands ya buɗe a 2010, tana barin baƙo ya shiga kyauta, amma ɗan ƙasa sai ya biya dala 150 ta Singafo a rana. Ƙasar da ke kare 'ya'yanta daga abin da take sayar wa baƙi ta riga ta faɗi ra'ayinta a kansa.

Maganar ba ta tsaya a kudu maso gabashin Asiya ba. A 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da 'yan kasuwarmu ke zirga-zirga a cikinta, ta ba kamfanin Wynn lasisin caca a Ras al-Khaimah. Mu koma kan tambayarmu: wanda ya hau Genting don sanyi da kallon hazo ba za a kira shi ɗan caca ba. Amma ya sani kuɗin ɗakinsa da na ɗan caca aljihu ɗaya suke shiga.