Asirin Wa Ake Rufewa?

A al'adarmu, rufin asiri alheri ne. To amma yaron da ya ɗauki cuta mai karya garkuwar jiki daga mahaifiyarsa, asirin wa ake rufewa idan aka ɓoye masa?

Sau da yawa kaka ce ke riƙonsa bayan rasuwar iyaye. Kullum takan ba shi magani, ta ce na ƙarin jini ne. Tsoro ke sa ta haka: kada maƙwabta su hana 'ya'yansu cin kwano ɗaya da shi, alhali cutar ba ta yaɗuwa ta abinci.

Sai dai wannan magani na tsawon rai ne, kuma tsallake shi kan ba ƙwayar cutar damar bijire masa. Yaron da bai san dalilin shansa ba yana iya dainawa ranar da ya ji ƙarfin jikinsa. Shi ya sa a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sanar da yaran da suka isa shiga makaranta, daidai da hankalinsu.

Sanin gaskiya haƙƙin yaron ne, amma ba kakar kaɗai ke da alhaki ba. Unguwar da ta mai da ciwo abin kunya ita ta tilasta mata ƙarya. Sai ta daina ƙyamar yaron kafin ta nemi kakarsa ta yi magana.