Anka da talala

Mu mutanen Kano, babban ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Shi ya sa ranar da na shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska a Legas, komai ya zama mini abin kallo. Tarkwa Bay muka nufa, wani lungun teku a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, inda katangar duwatsu da Turawa suka jera a farkon ƙarni na 20 take tare igiyar ruwan Atlantika. A waje teku na hauka, a ciki ruwa kwance kamar a ƙwarya.

Matuƙin ya naɗe ƙyallen da iska ke turawa, ya juya hancin jirgin ya fuskanci iska har ya tsaya cak. Bai wurga anka ba, a hankali ya zura ta har ta taɓa ƙasa. Zurfin wurin bai wuce mita 4 ba, amma sai da ya saki sarƙa mita 20. Na ce, "Malam, wannan sarƙa ba ta yi yawa ba?"

Ya ce ai ita ce riƙon. Anka ƙugiya ce, ba nauyinta ke tsayar da jirgi ba. In sarƙa ta yi gajarta, jirgi zai riƙa fizgar ankar sama, igiyar ruwa ɗaya sai ta tumɓuke. In ta yi tsawo kuwa, sai ta kwanta a ƙasa, ja ya zo a kwance, duk fizga ta ƙara nitsar da ƙugiyar cikin yashi. Ga ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a rana, dole a bar masa rara.

Da ya gama bai zauna ba. Ya ja jirgin da baya da inji don ankar ta kama sosai, sannan ya saita wata bishiya da wani rufi a gaɓa, yana waiwayarsu lokaci-lokaci ko jirgin ya gusa.

Nan take na tuna da ragon layya. A ɗaure shi gam, ya kwana yana fizga har ya cire turke. A yi masa talala, ya yi kiwonsa ya kwanta. Na kuma tuna da gidajenmu na Nassarawa, katanga doguwa, waya a kai, maigadi a ƙofa. Muna kulle samarinmu har su gama sakandare, ba su taɓa zuwa kasuwar Kurmi su kaɗai ba, sannan rana ɗaya mu kai su filin jirgi mu ce a je jami'a. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don ni ma uba ne.

Iyaye, mu riƙa aiken yaran nan, mu bar su su yi ciniki, su je zumunci cikin gari, idonmu yana kansu tun suna gabanmu.