Wayar da Ke Cikin Bango

Ya kai mai karatu, idan kai mai sana'a ne a birnin Katsina, ko mai haɗa wutar lantarki, ko mai aikin famfo, ko yaron ɗan kwangila, ko kuwa malamin ofis wanda takardun kwangila su ke bi ta hannunsa, wannan magana taka ce. Ga tambayar da za mu duba: mutumin da ya karɓi aikin asibiti ko makarantar gwamnati, ya rage kaya a wurin da ido ba ya gani, ya yi sata ko bai yi ba? Mutane da yawa waɗanda ba za su ɗauki ko kwabo daga aljihun maƙwabci ba su kan ce bai yi ba. Su kan ce dukiyar gwamnati ruwan kogi ce, wanda ya ɗiba bai rage kowa da kome ba.

Bari mu fara neman mai kuɗin. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa Baitulmali a Katsina, yana kuwa cikin na fari a ƙasar Arewa. Tun daga lokacin aka raba aljihun mai mulki da aljihun ƙasa, aka yanka albashi, aka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ya biya haraji ya san sarai kuɗin wane ne ke cikin wannan ɗaki. Yau hanyar ta yi tsawo, kuɗin su kan biyo ta Abuja, daga man fetur da harajin da a ke ɗorawa bisa kayan saye, saboda haka mutum ya kan manta. Amma matar da ta sayi katin waya a Ƙofar Ƙaura ta zuba nata a ciki, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ita ce kuma za ta kwanta a ɗakin haihuwar da ka sa wa waya.

Kakanninmu magina suna da mai tsaro wanda kai ba ka da shi, watau damina. Wanda ya kwaɓa ƙasa da ha'inci, ruwan fari ya kan tona shi, dukan unguwa kuwa ta san hannun da ya yi ginin. Dubi hasumiyar Gobarau, dubi tsohon ginin Kwalejin Katsina wanda aka yi da ƙasa tun farkon shekarun 1920: aikinsu a fili ya ke, kowa ya iya ɗora hannu a kai. Aikinka fa dabam ne. Ka kan sassaƙa bango, ka binne bututu, ka zura waya, mai shafe ya zo ya rufe, mai fenti ya bi bayansa. Ran da manya su ka zo buɗe ginin, a danna makunni fitila ta kama, a murɗa famfo ruwa ya zubo, a yi tafi. Ba wanda zai fasa bango domin ya ga ko wayar soket mai kaurin milimita 2.5 ce, yadda takarda ta ce, ko kuwa ka sa ta fitila mai 1.5. Ba wanda zai fere ta ya ga ko jan ƙarfe ce har ciki, ko sanholo ce da aka shafa wa ja.

Wayar nan kuwa ba ta mantuwa. Siririyar waya ta kan yi zafi in an ɗora mata kaya, robar da ke jikinta ta bushe kaɗan kaɗan, shekara biyu, shekara biyar, sai wani dare na hunturu, sa'ad da iska ta busar da kome, kowa kuma ya jona abin dumama ruwa. Ka ga tukunyar dumama ruwa wadda ba a haɗa mata wayar ƙasa ba? Tana iya aiki shekaru lafiya lau. Ran da ƙarfen cikinta ya ci, wutar da ya kamata ta gudu ƙasa ta tsinke fis sai ta tsaya a jikin famfo, tana jiran hannun ungozoma mai jiƙe. Haka kuma mai famfo da ya haƙa ramin ƙazanta kusa da rijiya domin ya rage tsawon bututu: ciwon cikin da zai kama 'yan makaranta ba zai zo da sunansa a rubuce ba. Ɓarawon da ya haura katanga ya san gidan da ya shiga, yana kuwa iya komawa ya mayar, ya roƙi gafara. Kai ba za ka taɓa sanin sunan wanda ka cuta ba. Kada wannan ya kwantar maka da rai. Shi ne ya ƙara wa laifin nauyi, gama ka rufe wa kanka ƙofar mayarwa da hannunka.

Mahukunta ma sun san wannan. A watan Yuni na 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, ɗan birnin nan, ya sa hannu a dokar sayen kaya da ba da kwangilar gwamnatin tarayya. Dokar ta ce a yi shelar aiki a fili, masu nema su kawo farashinsu a rufe, a buɗe a gaban jama'a, a ba wanda ya fi rahusa cikin waɗanda su ka cika sharuɗɗa. Ta kuma ƙayyade kuɗin somin aiki, a lokacin kashi 15 cikin 100. A 2015 aka kafa hukumar NEMSA bisa doka, domin ta duba aikin lantarki ta kuma ba masu haɗa wuta shaida. Waɗannan duka abin godiya ne. Amma doka tana ganin takarda ne kaɗai, mai dubawa kuwa mutum ne, ya kan gaji, a kan kuma yi masa shayi.

Yanzu za ka ce, "Malam, ba ka san kasuwar ba. In ban ba na ofis kasonsu ba, takardata ba za ta fito daga aljihun tebur ba. Ina da iyali, ina da yara shida a shago." Wannan ba ƙaramar magana ba ce, ba kuwa za mu yi maka dariya ba. Amma zauna mu yi lissafi. A ce aikin na naira miliyan 10 ne, an ƙiyasta shi daidai, da kaya da lada da ribarka. Ka ba da miliyan ɗaya a bayan ƙofa. Daga ina za ta fito? Daga ribarka? Kai ka san ba daga can ba. Daga bango za ta fito, daga kaurin waya, daga sandar ƙasa da ba a kafa ba. Wanda ya karɓa kuma ya zama bawanka, kai ma ka zama nasa, gama ba shi da bakin da zai ƙi aikinka, kai ba ka da bakin da za ka ƙi roƙonsa na gaba. Shi ya sa Hausawa su ka kira abin toshiyar baki. Idan kana shakkar ko kyauta ce ta zumunci, gwada ta haka: za ka iya miƙa ta da rana a gaban abokan takararka, ka kuma rubuta ta cikin lissafin aikin? Goron sallah ba ya tsoron haske.

Akwai wata ƙarya wadda ta fi wannan laushi, har masu tsoron Allah su kan faɗa cikinta. Mutum ya san kayan kirki ba su sayuwa ƙasa da kaza, amma ya rubuta ƙasa da haka domin ya ka da 'yan'uwansa, yana cewa a ransa, in na samu aikin na san dabara. Bai ba kowa hanci ba, duk da haka ranar da ya sa hannu ya yi alkawarin abin da bai yi niyyar cikawa ba.

Gaskiya ne gwamnati ma ta kan cuci ɗan kwangila. A gama aiki a yi shekara ana zirga-zirga ba a biya ba, farashin waya kuwa ya ninka, kamar yadda kowa ya gani bayan faɗuwar naira a 2023. Wannan zalunci ne, wanda ya danne takardar biya zai amsa nasa. Dokar 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 yana jawo ƙari bisa ga abin da aka rubuta a yarjejeniya. Nemi hakkinka ta nan, da takarda, da naci, ku haɗa kai da 'yan sana'arka. Amma marar lafiyar da ke kwance a ƙarƙashin wayarka ba shi ya riƙe maka kuɗi ba, kada ka karɓi bashinka a jikinsa.

A Littafin Sarakuna na Biyu, sura 12, akwai labarin wani aikin gyara na jama'a. Sarki Yowash ya ga shekaru sun wuce ana karɓar kuɗi, Haikali kuwa yana nan da tsagoginsa. Sai firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye, firistoci masu tsaron ƙofa suna zuba kuɗin da jama'a su ka kawo. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su ke ƙirgawa tare, sa'an nan a miƙa wa masu lura da aiki su biya massassaƙa da magina. Waɗannan masu lura kuwa ba a bi su da lissafi ba, domin an iske su amintattu ne. Lura da kyau, an yi akwati mai rufi da shaidu biyu, ba a raina tsari ba. Amma sa'ad da kuɗin su ka bar akwati su ka shiga hannun mai aiki, tsari ya kai iyakarsa, sai halin mutum ya rage. Kai da ka shigo wannan Hanya kwanan nan, maƙwabtanka a Katsina ba su karanta Littafinka, aikin hannunka su ke karantawa.

Saura maganar yaro. Wataƙila ba kai ka karɓi kwangilar ba, maigida ne ya miƙo maka naɗin waya ya ce zura. Kana gani ka san ba ita ba ce. Laifinka bai kai nasa ba, gama shi ya saya, shi zai ci ribar. Amma hannunka ne zai binne ta, kai kaɗai kuwa ka sani kafin mai shafe ya zo. Kada ka yi masa tsawa a gaban mutane, kada kuma ka yi shiru. Ka same shi shi kaɗai, da ladabi, ka ce, "Maigida, wannan ba za ta ɗauki hita ba, ina tsoron abin da zai biyo baya, sunanka ne kuwa a takarda." Sau da yawa wanda ya ga an gane shi ya kan canja, ko domin kunya. In ya ƙi, ka roƙi a ba ka wani sashen aikin. In ya ce ko wannan ko ƙofa, to, ka zo wurin da ba mai iya yi maka alkawarin sauƙi. Mai yiwuwa ne ka yi wata biyu kana gyaran fanka a gidajen mutane kafin ka sami wani maigida. Ka faɗa wa dattawan jama'arku tun da wuri, gama nauyinsu ne su taimake ka da abinci a kwanakin nan, su kuma kai sunanka wurin masu gini. In kuwa ginin na kwanan mutane ne, asibiti ko ɗakin kwanan 'yan makaranta, sai ku tafi tare da ɗaya daga cikinsu wurin injiniyan da ke lura da aikin, tun ba a yi shafe ba.