Wasan Shaɗaranji a Makaranta: Me Malamai Suka Hana?

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa a ƙarshen Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya hana wasan nardi da na shaɗaranji, wato darar nan mai gidaje 64 da ake kira ces. Imam Malik ma a Muwaɗɗa bai ga alheri a wasan ba. Saboda haka uban da ya ji an kafa ƙungiyar shaɗaranji a makaranta ya ce ba da ɗansa ba, yana da madogara, kuma bai cancanci a yi masa kallon wanda kansa bai waye ba. Amma ya kamata a tambaya: allon da 'ya'yansa malamai suka ƙyamata, ko abin da zaman wasan ke jawowa?

A kan nardi akwai hadisi ingantacce a Sahihu Muslim, kuma nardi wasa ne na jefa ƙwayoyi masu ɗigo, sa'a ke raba gardama a cikinsa. Shi kuwa shaɗaranji, da ya taso daga Indiya wajen ƙarni na 6 ya biyo ta Farisa har ya iso ga Larabawa, masana hadisi ba su tabbatar da ingantaccen nassi a kansa ba. Daga nan saɓanin ya samo asali. Imam Shafi'i ya tsaya a kan karhanci, mabiyansa suka gindaya sharuɗɗa: kada a sa kuɗi, kada sallah ta fita daga lokacinta, kada a yi ashar. Idan aka tattara dalilan masu hanawa, mafi yawansu a kan caca da shagala da haddasa gaba suke komawa.

To a leƙa ajin da ake koyar da wasan bayan an tashi. Malami na tsaye, agogo na gefen allo, ba ko sisi a tsakani. Yaro ɗan shekara tara ya miƙa hannu zai ɗauki doki, sai ya janye, domin dokar gasa ta ce wanda ka taɓa shi za ka tura. Kowane taku sai ya rubuta a takarda. In aka cinye shi, ba shi da sa'ar da zai ɗora wa laifi. Takardar nan za ta nuna masa inda ya yi garaje, sannan ya miƙa wa wanda ya doke shi hannu. Yaron da ya saba da cewa kuskurensa nasa ne ya samu tarbiyyar da addini ke nema, ta yin tunani kafin aiki da ɗaukar alhaki bayansa.

Ba na cewa wasan na mayar da yaro gwanin lissafi. Armeniya ta wajabta shi a makarantun firamare tun 2011, amma binciken da aka fitar a Ingila a 2016 bai ga wani ƙarin maki a jarrabawar lissafi ba. Hujjata a kan hali take.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta Ibn Taimiyya, wanda ya ga shaɗaranji ya fi nardi kama zuciya. Da gaskiyarsa, musamman idan ana son fitar da zakaru. Nodirbek Abdusattorov na Uzbekistan ya zama zakaran duniya a wasan sauri a 2021 yana ɗan shekara 17, kuma ba a kaiwa nan sai da atisaye mai cin yarinta. Sai dai ƙwallon ƙafa ma na cinye yinin yaro, wayar hannu ta fi su duka, ba mu ce a bar su ba, iyaka muke sa musu. Makaranta kuwa ita ce inda iyaka ta fi sauƙin tsayawa, domin akwai ƙararrawa, akwai babba.

Don haka shugabannin makarantu, in za ku kafa ƙungiyar, ku rubuta a dokarta cewa agogo na tsayawa da an kira sallah, ba a sa kuɗi, kuma wanda karatunsa ya ja baya ya huta tukuna. Uban da ya zaɓi tsayawa kan fatawar Malik kuma a girmama shi, kada a tilasta wa ɗansa.