Hakkin Mai Jinya A Kan 'Yan'uwansa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan ciwon daji ya shiga gida, mutum biyu yakan kama: majinyaci da mai jinyarsa. Na farkon kowa na zuwa gaishe shi da jiki, amma na biyun da wuya a tambaye shi yadda ya kwana. Wannan kuwa sakaci ne da Musulunci bai yarda da shi ba.

Jama'ar ƙasar Yauri, da ta Ngaski da Shanga, da mazauna bakin tafkin Kainji, sun san nauyin wannan al'amari. Masunci ko manomin albasa da ciwon ya kama, idan likita ya ce sai an yi masa gashi da na'ura, tilas a bar Yelwa ko Wara a bi ta Koko da Jega da Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko kuma a nufi Zariya. Gashin kuwa na makonni ne. Galibi mace guda ce kan bi shi, matarsa ko 'yarsa ko mahaifiyarsa. Ita ce ɗaga shi, ita ce wanki, ita ce bin layin magani, ta kwana bisa tabarma a baranda, zuciyarta na can wajen yaran da ta baro da kwale-kwalen da aka sayar.

Likitoci sun tabbatar cewa doguwar damuwa da rashin barci suna ta da hawan jini, suna dagula ciwon sukari, suna raunana garkuwar jiki, ga ciwon baya na yawan ɗagawa. A shekarar 1995 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun gano cewa ƙaramin rauni a jikin matan da ke jinyar danginsu masu ciwon mantuwa yakan ɗauki kimanin kwana 9 fiye da na sauran mata kafin ya warke. Ashe ke nan gajiyar mai jinya ba raki ba ce.

Shari'a ta ɗaukaka darajar jinya ƙwarai. A shekara ta 2 bayan Hijira, lokacin yaƙin Badar, Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya zauna a Madina bisa umurnin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, domin jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah. Duk da haka aka ba shi rabonsa na ganima, aka yi masa albishir da ladan wanda ya halarci yaƙin. A nan akwai darasi biyu: jinya aiki ne da aka jera shi da mafi girman ayyuka, kuma namiji ne ya yi ta, saboda haka babu mai cewa aikin mata ne kaɗai. Haka nan Abdullahi ɗan Umar ya bar sallar Juma'a ya tafi wurin Sa'idu ɗan Zaidu da ya ji ciwonsa ya tsananta. Malaman mazhabar Malikiyya ma sun lissafa jinya cikin uzurorin da ke halatta barin Juma'a.

Sai dai girman lada bai halatta wa mutum ya halaka kansa ba. Ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna cewa Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Salmanul Farisi ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare, sai ya sa shi ya ci abinci ya yi barci, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da hakki a kansa kamar yadda Ubangijinsa ke da shi. Manzon Allah kuwa ya gaskata Salmanu. To, idan an hana wahalar da jiki a kan nafilar salla da azumi, ina ga wanda ya shafe watanni bai yi barcin kirki ba? Jiki amana ne. Mai jinyar da ya ci abinci a kan lokaci, ya runtsa, ya je aka auna jininsa, ya ci gaba da shan maganinsa, bai yi ƙarancin haƙuri ba. Neman taimako kuma ba ƙin ƙaddara ba ne.

Babban nauyin yana kan dangi. Kula da marar lafiyan da ba ya iya yi wa kansa komai wajibi ne a kan jama'a: idan wasu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, idan an yi watsi da shi kowa ya yi laifi. Barin mutum guda har ya faɗi yana kusa da yin watsin. Ya kamata a yi karɓa-karɓa, wannan ya kwana yau, wancan gobe. Wanda ba shi da halin tafiya Sakkwato ya riƙe yara, ko ya ba albasa ruwa, ko ya kawo kuɗin mota. Mawadata su tuna cewa wanda bashin magani ya danne yana cikin masu cin zakka. Masu zuwa dubiya su taƙaita zama, kada su zama baƙin da za a yi wa girki. Limamai kuma su riƙa faɗar wannan a huɗuba.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah Ya ƙarfafi masu jinya, Ya saka musu da alheri duniya da lahira. Amin.